Damure Zika, Basarken da ya auna kawunan mutanen Paris



In ka tare matashi yau a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ka ce ya lissafo maka 'yan wasan fim da suka riga mu gidan gaskiya, ba zai yi inda-inda ba. Zai ce Ahmad S. Nuhu, zai ce Rabilu Musa Ibro, zai ce Samanja, zai ce Daso. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Namu ne, don shingen Ɗan Isa da Jibiya bai taɓa raba mu dariya ba. Amma ka ce masa Damure Zika, sai ya dube ka ya ce, "Wane ne kuma haka?" To, shi nake so mu tuna yau. Ɗan Nijar ne, ya fara tsayawa gaban kyamara wajen 1951, kusan shekara 40 kafin a yi Turmin Danya a Kano cikin 1990, kuma har 2002 yana fitowa a fim. Ni dai a cikin duk 'yan wasan da ƙasar nan ta haifa, babu wanda ke ba ni dariya ya kuma sa ni tunani a lokaci guda kamar wannan tsoho.

An haife shi wajen 1923, cikin zuriyar Sarkawa, mutanen ruwa na bakin kogin Isa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko. Gidansu gidan su ne da magani. Ya shiga lakwal, ya iya karatu da rubutu da Faransanci, abin da ba kowane yaro ke samu ba a wancan zamani. Cikin 1941 aka turo wani saurayin anasara Yamai, injiniya, sunansa Jean Rouch, aka ba shi aikin gina hanyoyi da dubban mutanen da aka kamo aikin tilas. Shi ne ya ɗauki Damure ya zama na hannun damansa. A 1942 tsawa ta faɗa wa wani wurin aikin hanya ta kashe leburori 10. Damure ya ce wa maigidan nasa wannan magana ta kakarsa ce, wata tsohuwa mai suna Kaliya, wadda ta san sha'anin borin mutanen kogi. Ya kai shi wurinta, anasara ya ga abin da bai taɓa gani ba, daga nan hankalinsa ya bar kwalta da gadoji ya koma kan al'adun mutane. Tarihi muke bayarwa, maganar aƙida daban take. Abin lura shi ne, duk littafin da aka rubuta kan Rouch, wanda duniya ke ƙirgawa cikin manyan masu fim na Faransa, daga wannan rana yake farawa, kuma wanda ya buɗe masa ƙofar yaro ne Basarke ɗan ƙasa da shekara 20.

Bayan yaƙin duniya Rouch ya dawo da kyamara. Fim na farko da aka ga fuskar Damure sosai shi ne Bataille sur le grand fleuve, wato yaƙi a kan babban kogi, labarin farautar dorina a yankin Ayoru. Akwai inda ake ganinsa cikin ruwa yana wasa da ɗan dorinar da aka kama, kamar mai wasa da ɗan akuya. Amma abin da ya biyo bayan fim ɗin ya fi fim ɗin kansa daɗin ji. A 1954 suka koma Ayoru da injin wuta da farin ƙyalle, suka nuna wa masuntan hotonsu da dare. Da aka gama, maimakon tafi sai gyara. Masunta suka ce wa anasara wannan kiɗa da ka sa a wurin farauta kuskure ne, dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa ƙarfin zuciya yake ƙara mata, farautarta shiru ake yi. Rouch ya karɓi gyara, ya cire kiɗan. A wannan zama ne kuma Damure, da ya ga kansa a kan ƙyalle, ya kawo shawarar su yi fim na gaske, mai labari, su su zama 'yan wasa. Ku riƙe wannan da kyau: shawarar daga bakinsa ta fito.

Fim ɗin da aka haifa a daren nan shi ne Jaguar, kuma a nan zan ɗan daɗe, don labarin kakanninmu ne. Samari uku suka tashi daga kasuwar Ayoru za su Kurmi neman kuɗi: Damure mai rubuta wa mutane wasiƙa, Lam Ibrahim Dia Bafulatani makiyayi, da Illo Gaudel masunci. Kowa a nan ya san wannan tafiya ko da bai yi ta ba. Da an gama girbi sai ƙauye ya zama na tsofaffi da mata, maza sun nufi Gwalkwas, ƙasar da ta zama Gana, ko Abijan, ko Kano da Ikko, don a samo kuɗin lanho da na aure da ɗan tufafin salla. Mutanen Adar sun fi kowa sanin haka, har gobe ba su daina ba. Su Damure suka bi ta arewacin Dahome, suka ratsa Togo har bakin teku. Da suka iso iyaka ba su da takardu, sai suka zagaye ta bayan 'yan duwan ta kan rairayin bakin ruwa suka shige abinsu. Wanda ya taɓa bin barauniyar hanya tsakanin Maraɗi da Katsina ba ya buƙatar a fassara masa wannan wuri.

Da shigarsu suka rabu. Lam ya nufi kasuwar Kumashi. Illo ya zama ɗan dako a tashar jirgin ruwa. Damure ya sauka Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, ya samu aiki a wurin 'yan katako, kuma da yake ya iya lissafi nan da nan aka ɗora shi kan leburori. Sai ka ga mutum ya sauya tafiya. Jiya shi ake yi wa tsawa, yau shi ke yi. Ya sa tabarau, ya maƙala taba a baki, yana taku cikin titi yana duban dama da hagu, yana bayyana wa mai kallo cewa shi yanzu ya zama jaguwa, wato ɗan gayen birni, sunan da aka aro daga motar nan ta Ingila mai tsada. Wallahi duk wanda ya taɓa ganin ɗan ƙauyensu ya dawo daga Kurmi da rediyo a kafaɗa da Hausar da ta karkace, zai gane mutumin nan tun kafin ya buɗe baki. Kyamara ta kuma kama Akra cikin zafin siyasar 1954, lokacin da jam'iyyar Kwame Nkrumah ke tashe, shekara 3 kafin Gana ta samu 'yanci.

Daga baya suka haɗu a Kumashi suka kafa tebur na 'yan koli. Faransawa na da karin magana mai cewa da kaɗan-kaɗan tsuntsu ke gina sheƙarsa. Su kuwa suka murɗe ta, suka sa wa teburinsu suna da kaɗan-kaɗan tsuntsu ke ɗinka hularsa. Da damina ta ƙarato suka tattara suka koma gida, abin da suka tara cikin watanni suka rabar da shi cikin yini guda, wannan turmi, wannan turare, wannan goro, suka wayi gari hannu wofi sai suna da labari. Ban san wani fim da ya faɗi gaskiyar ci-rani kamar wannan wuri ba. Ba a yi kuka ba, ba a yi wa'azi ba, an dai nuna yadda abin yake.

Yanzu ga inda gwanintar Damure take, kuma a nan ne nake ganin ba a yi masa adalci ba. Kyamarar da aka ɗauki Jaguar da ita irin wadda ake wanawa da hannu ce kamar agogon da, ba ta wuce daƙiƙa 20 da 'yan kai sai ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar murya. Hoto ne kurum, bebe. Sai bayan shekaru aka zaunar da Damure da Lam gaban hotunan, aka kunna na'urar ɗaukar magana, aka ce bismilla. Babu takarda, babu wanda ya rubuta musu ko kalma ɗaya. Duk barkwancin da ke cikin fim ɗin, da gardamar, da tsokanar juna irin ta Bafulatani da mutumin kogi, daga kansu ya fito nan take. Akwai wurin da suka iso ƙasar Somba a arewacin Dahome, mutanen da a lokacin ba su damu da tufafi ba. Abokan tafiya suka fara mamaki, sai muryar Damure ta shigo tana nuna cewa mutanen kirki ne, haka Allah ya so su, ba abin dariya ba ne. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. A bangonsa sunan Rouch ne babba. Amma a cire muryar Damure a gani, me zai rage? Hotunan hanya da kasuwa.

Ba ina cewa tsakaninsu babu amana ba. Akwai ta, ta shekara 60 da ɗoriya, kuma Rouch da bakinsa ya sha faɗin cewa tare suke ƙirƙira. Sai dai zamanin na mulkin mallaka ne, kyamara da kuɗi da ɗakin tace fim duk suna hannu ɗaya. Kuma ba kowane aikin Rouch ne 'yan Afirka suka yi na'am da shi ba. Les Maîtres fous, wanda aka ɗauka a Akra a wannan tafiya, Damure na riƙe da na'urar murya, ya nuna 'yan ci-ranin Nijar masu borin Hauka, borin da ya samo asali a yankin Filinge wajen 1925, inda masu hawa ke kwaikwayon gwamna da kwamandan da sojan anasara. Ɗaliban Afirka da suka gan shi a Paris ransu ya ɓaci, Ingilishi kuma suka hana nuna shi a Gwalkwas. Usman Sembene na Senegal ya taɓa gaya wa Rouch ido da ido cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka ne kamar masu nazarin ƙwari. Maganar tana da nauyi, kuma ba a rasa gaskiya cikinta ba.

Amsar da ta fi kowace, a ganina, Damure ne ya ba da ita, kuma da dariya ya ba da ita. A fim ɗin Petit à petit, wanda aka ɗauka a ƙarshen shekarun 1960, teburin nan na Kumashi ya zama babban kamfani a Ayoru, Damure ne shugaba. Ya ji ana maganar gina dogon bene a Yamai, ya ce shi ma sai ya gina nasa, don haka bari ya tafi Paris ya ga yadda mutane ke zama a gidan sama. Da isarsa sai ya mai da kansa mai binciken ƙabilar Farisawa. Ya samo ma'auni irin wanda masanan Turai suka yi shekaru suna auna kawunan kakanninmu da shi, ya tsaya a dandalin Trocadéro, dab da gidan tarihin da Rouch ke aiki, yana tare masu wucewa. Ya auna goshi, ya auna ƙeya, ya ce a buɗe baki ya duba haƙora, ya tambayi mutum asalinsa, yana rubutawa cikin ɗan littafi fuska a murtuke kamar likita. Abin mamaki kuma suna tsayawa! Yana aiko wa abokansa wasiƙu kan al'adun wannan ƙabila mai ban al'ajabi, har suka yi zaton ya taɓu, suka tura Lam ya je ya gani. Ka duba fa, ba shekara 10 da samun 'yancin kai, Basarke ya tsaya tsakiyar Paris yana yi musu abin da suka yi mana, ba zagi, ba ɗaga murya. Kowa ya ɗanɗana ya ji in da daɗi. A fim ɗin ne kuma Safi Faye ta Senegal ta fara fitowa, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin matan Afirka na farko da suka shirya fim da kansu. Ƙarshen labarin, sun gina benen, sun gaji da shi, sun watsar da kamfani sun koma bukka a bakin kogi. Wannan ƙarshe bai gamsar da ni ba, yana ƙamshin mafarkin anasara mai son ganin Afirka a bukka har abada. Amma rabin farko na fim ɗin ba shi da na biyu.

Wanda na fi so duka shi ne Cocorico Monsieur Poulet na 1974. A nan ne ma suka daina ɓoye-ɓoye, suka rubuta sunan mai fim Dalarou: Da na Damure, La na Lam, Rou na Rouch. Da aka ƙara Tallu Muzuran sai ya zama Dalarouta. Labarin daga sana'ar Lam ta gaske aka ɗauko shi, fataucin kaji daga ƙauye zuwa Yamai. Lam ne direba, Tallu yaron mota, Damure kuwa shi ne abokin nan da kowa ke da irinsa, mai baki, mai dabara, wanda ba ya kawo jari sai shawara. Motarsu wata akwalar Citroën 2CV ce da suka sa wa suna Patience, wato Haƙuri, kuma sunan ya bi ta. Ta mutu a daji, a ɗaure ta da igiya, ta tashi, ta sake mutuwa. Ga aljana ta sa su gaba. Ga kogi a tsakani, kuma ba ta kan gada suke ƙetarewa da ita ba, har kwance ta suke yi gunduwa-gunduwa a haye da ita a sake haɗawa. Kajin da aka fito nema kuwa, kada ma a yi maganarsu. Wanda ya taɓa shiga motar kasuwar ƙauye ranar da ta ga dama, ya san ba ƙari a ciki.

Sauran zan bi su da sauri. Ya fito a Babatu na 1976, labarin mayaƙin Zabarmawa a ƙasar Gurunsi, wanda aka gina kan rubutun Bubu Hama, aka kuma kai shi gasar Cannes. A Madame l'Eau, farkon shekarun 1990, tsofaffin abokan uku, fari ya ƙone musu gona alhali kogi na gabansu, suka tafi Holan su ga yadda ake sa iska ta jawo ruwa. Na ƙarshe shi ne Le Rêve plus fort que la mort a 2002, furfura ta gama rufe shi, bakin dai yana nan yadda yake.

Duk wannan fa ba da fim yake ci ba. Malamin asibiti ne, ya haɗa aikin likita da maganin da ya gada a gida, yana da ɗakin shan magani a Lamorde, ƙetaren kogi a Yamai, kuma an san shi da duba talaka ko ba shi da ko dala. Ya yi shirye-shiryen kiwon lafiya a gidan rediyon ƙasa. Mutanen Yamai da yawa a matsayin mai magani suka san shi, ba su ma san ana tafa masa a Turai ba. Yana kuma rubuta abin da ya gani a tafiye-tafiyensa da wani irin Faransanci nasa na kansa, wanda aka tattara aka buga a Paris a 2007 da sunan Journal de route.

Ranar 18 ga Fabrairu 2004 da dare, a kan hanyar Tawa kusa da Birnin Ƙonni, motar da ke ɗauke da Rouch da matarsa da Mustafa Alasan da Damure ta yi hatsari. Rouch ya rasu yana da shekara 86, aka rufe shi a Yamai. Damure ya tsira, ya ƙara shekara 5. Ya rasu a Yamai ranar 6 ga Afrilu 2009. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa taimakon da ya yi wa marasa lafiya ya bi shi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yanzu shi ne, muna cikin zamanin da ƙasa ke sake duban alaƙarta da Faransa. An sauya sunayen tituna, cibiyar al'adun nan ta Yamai da ke ɗauke da sunan Jean Rouch ma yanzu sunan Mustafa Alasan take amsawa, kuma Mustafa ya cancanta, mutumin da ya zauna Tawa yana zana fim da hannunsa. Tsorona ɗaya ne: kada a tattara waɗannan fina-finai a ce kayan anasara ne a jefa su bayan ɗaki, Damure da Lam da Tallu da Illo na ciki. Dama can ba mu riƙe namu da kyau ba. Umaru Ganda, wanda shi ma ta hannun Rouch ya fara a Abijan, shi ya fara cin babbar kyautar Fespaco ta Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame, amma ban da cibiyar da ke ɗauke da sunansa, yara nawa suka ga fim ɗin? Zalika Sule, tauraruwar wannan zamani, sai da ta ɗanɗani talauci mai tsanani kafin rasuwarta a 2021.

Laifin ba na matasa ba ne. Fina-finan Damure da Faransanci aka yi su, a bukukuwan Turai aka fi nuna su, a can aka buga su a faifai. Manomin Tasawa ko 'yar kasuwar Madawa ba a taɓa kawo musu su cikin harshen da suke ji ba. Alhali kullum muna kallon fim ɗin Indiya da su Algaita suka juya zuwa Hausa, Bahindiye na rantsuwa da Hausar Kano, muna shan dariya. Masu wannan sana'a muna da su a Maraɗi da Damagaram, ga na'ura ga murya. A nemi izini wurin masu haƙƙin fina-finan, a fara da Cocorico Monsieur Poulet. Wahalar kawai a samo wanda bakinsa zai iya bin na Damure, don mutumin ba ya numfashi tsakanin magana da magana. A ba Lam Hausar Fulani, a bar wa motar sunanta Haƙuri.